Saurin da aka saya da lissafin manoma: yadda rumbun bayanan wata ƙungiya a yankin Auyo ya lalace, da yadda aka sake gina shi

Ƙungiyar da wannan nazari ya shafa ta manoman shinkafa ce, a wani ƙauye na yankin Auyo, cikin kwarin Haɗejiya a Jihar Jigawa. Mambobinta sun kai 1,200. A farkon noman rani tana ba su bashin taki da iri da man injin ban ruwa. Idan girbi ya kama, wajen watan Mayu zuwa Yuni, sai su kawo shanshera, a ɗora buhu-buhu a sikeli, a cire bashi, a biya manomi ragowar kuɗinsa. Duk wannan lissafi a cikin rumbun bayanai guda ɗaya yake. Ban da haka, duk wanda ya kawo kaya ana yanka masa rasit mai kabon: ya tafi da na sama, na ƙasa ya zauna a ofis.

Uwar garken, wato kwamfutar da rumbun yake ciki, ƙaramar kwamfutar tebur ce mai RAM 8GB da faifan SSD guda ɗaya mai 256GB, irin wanda ake samu a kowane shagon kayan kwamfuta. Tana tafiya a kan Ubuntu 22.04, wani nau'in tsarin Linux, da PostgreSQL 14, manhajar da ke riƙe rumbun bayanan. Malaman awo biyar suna shiga ta Wi-Fi daga rumfar sikeli. Wuta daga sola da inbata take zuwa, janareta na jira idan batir ya yi ƙasa, sai kuma ƙaramar UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, tsakanin bango da kwamfutar. Bayanan kansu ba su taka kara sun karya ba: teburin awo layi ne kusan 400,000, wajen 46MB, rumbun gaba ɗaya kuma bai kai 300MB ba.

Ƙorafin nauyi da maganin da aka ba shi

Tun kakar da ta gabata malaman awo suke kukan cewa manhajar ta yi nauyi. Manomi mai buhu 60, kafin a gama adana awonsa sai an ci kusan sakan 20, ga jama'a a layi cikin rana. Rahoton bashin dukkan mambobi yana cin minti biyu. Da yamma kuma, wayoyin da aka tura wuraren karɓar kaya na nesa, inda babu sabis, sukan dawo da layi kamar 5,000, loda su ya ɗauki kusan rabin minti.

Wanda ke kula da kwamfutar a lokacin ya ci karo da wata shawara a intanet, wadda asalinta don kwamfutocin gwaji aka rubuta ta. Ya buɗe fayil ɗin saiti, postgresql.conf, ya sa fsync = off da full_page_writes = off. Lodin yamma ya sauko zuwa 'yan sakanni, kowa ya gani, aka yaba. Jinkirin rumfar sikeli yana nan yadda yake, amma tunda an ga wani abu ya yi sauri sai aka ɗauka an samu sauƙi. Ba a rubuta canjin a ko'ina ba.

Dole a fahimci abin da aka kashe kafin a gane abin da ya biyo baya. PostgreSQL ba ya rubuta canji kai tsaye cikin fayilolin tebur. Yana fara rubuta shi a kundin WAL, kamar yadda mai shago ke fara sa ciniki a ƙaramin littafin da ke kan kanta, sai an tashi ya kwashe zuwa babban littafi. Idan manhaja ta ce a tabbatar da mu'amala, wato rukunin canje-canjen da ake adanawa tare, PostgreSQL yana kiran fsync, wato yana tilasta wa tsarin kwamfuta da faifai su sauke rubutun WAL daga RAM zuwa ainihin ma'ajiya, sannan ya amsa cewa an adana. Bayan kowane minti biyar yana yin abin da ake kira checkpoint: ya rubuta shafukan teburan da suka canza, ya tabbatar sun sauka, sannan ya sa alama cewa duk abin da ya gabaci wannan wuri ya zauna. Idan wuta ta ɗauke, daga wannan alama yake fara maimaita WAL.

Da aka kashe fsync, alamar ta zama ƙarya. Linux yakan bar rubutu a RAM har kusan sakan 30 kafin ya sauke shi, kuma ba lallai bisa jerin da aka ba shi ba. Alamar checkpoint tana iya isa faifai alhali wasu shafukan da take ba da shaida a kansu ba su isa ba. Shi kuwa full_page_writes maganin tsagewar shafi ne. Shafin PostgreSQL 8kB ne, tsarin fayil na ext4 kuma 4kB-4kB yake rubutu, don haka wuta na iya yankewa an rubuta rabi. Idan saitin yana kunne, karo na farko da aka taɓa shafi bayan checkpoint ana sa cikakken kwafinsa a WAL, a iya maido da shi. Idan an kashe, babu inda za a samo ɗaya rabin.

Ranar hadarin

Hadarin farkon damina ya taso bayan la'asar. Tun azahar gari yake a lumshe, batirin inbata bai cika ba, ga fanka da firinta da cajin wayoyi duk a kansa. Inbata ta yanke. UPS ɗin da ya kamata ta riƙe kwamfutar ba ta yi ko sakan biyu ba, domin batirinta mai 12V 7Ah ya daɗe da mutuwa ba wanda ya sani. Irin wannan batir ana ƙiyasta rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage ta da rabi. Ɗaki mai rufin kwano a Afrilu, lokacin da zafin waje ya haura digiri 40, ba ya barin batir ya ga shekarun da aka rubuta a kwalinsa.

Mutane suka watse rufe shanshera da tampol, aka tashi daga awo. Da magariba aka tada janareta, kwamfutar ta kunnu, PostgreSQL ya maimaita abin da ya samu a WAL, ya ce ya shirya karɓar aiki. Babu wani kuskure a fuska. Wannan ne mafi munin halin kashe fsync: rumbun yana tashi lafiya lau, ɓarnar tana ciki.

Ƙarfe 10 na dare cron, manhajar da ke tada ayyuka a lokacin da aka saita, ya kunna aikin kwafin ajiya, layi ɗaya tak: pg_dump kungiya > /home/ofis/ajiya.sql. Aibu uku ne a wannan layi. Kwafin yana kan faifan da rumbun yake. Sunan fayil ɗin ba ya canzawa. Na uku, wanda ya yi kisan, shi ne alamar > tana share abin da ke cikin fayil tun kafin pg_dump ya fara aiki. Kwafin daren jiya, wanda lafiyarsa ƙalau, a nan ya tafi. Shi kuma pg_dump ya rubuta tsarin tebura, ya shiga kwashe bayanai bisa jerin haruffa, teburin awo yana kan gaba, ya ci karo da lalataccen shafi, ya tsaya. Fayil ɗin da ya saba kai kusan 90MB ya tsaya a ƙasa da rabin haka, babu teburin bashi, babu na biya, babu na mambobi. Kuskuren ya tafi akwatin saƙon cikin kwamfutar da ba wanda ke buɗewa.

Da safe manomin farko ya ɗora buhu, malamin awo ya danna adanawa, manhaja ta dawo da saƙon invalid page in block. Kwafi mai kyau da ya rage shi ne wanda sakataren ƙungiya ya ɗauka a filash a farkon kaka, mako biyar da suka wuce.

Ceto

Matakin farko shi ne a daina taɓa komai. An rufe manhajar, an tsayar da PostgreSQL, an kwashe /var/lib/postgresql/14/main gaba ɗaya da rsync -a zuwa faifan waje, kwafi biyu. Ɗaya aka ajiye ba a taɓa ba, ɗaya aka kai wata laftof aka yi aiki a kansa. A irin wannan ruɗani ne mutane ke garzayawa ga pg_resetwal ko su share fayilolin pg_wal don a samu a tashi. Duka biyun ƙara ɓarna suke yi, kuma ba a dawo da abin da suka ɗauke. An duba lafiyar faifan da smartctl -a, ba a ga alamar lalacewa ba, wanda ya nuna matsalar ba ta ƙarfe ba ce. Da aka buɗe fayil ɗin saiti aka ga layukan nan biyu.

A kan kwafin aiki, pg_amcheck, kayan binciken lafiyar rumbu wanda ya fara zuwa a sigar 14, ya nuna shafuka uku na teburin awo da ba sa karantuwa, da fihirisa biyu (jerin da ke kai rumbu ga layin da ake nema da sauri) da ba su dace da teburansu ba. Shafukan uku duk iri ɗaya ne: rabin farko sifili zalla, rabi na biyu da bayanai. Kowane shafi yana ɗaukar layi kusan 68, ke nan awon buhu wajen 200. An kwashe ragowar teburin ta hanyar tsallake su da lambar ctid, wadda ke nuna shafi da gurbin kowane layi, misali a zaɓi layukan da ctid ɗinsu ya gaza '(5810,0)', sannan waɗanda suka kai '(5811,0)' zuwa lalataccen shafi na gaba. Sigar 14 tana iya karanta zangon ctid ba tare da ta bi teburin duka ba, shi ya sa dabarar ta yi aiki. Akwai zero_damaged_pages da ke mayar da shafin da ya lalace fanko, amma a kan kwafi kaɗai ake kunna shi, da sanin cewa layukan sun tafi.

Ba a ci gaba da aiki a tsohon rumbun ba, ko da yake bayan REINDEX, wato sake gina fihirisa, zai iya yin kamar ya warke. An ƙirƙiri sabo da pg_createcluster tare da --data-checksums, aka loda abin da aka ceto. A sigar 14 wannan tantancewar shafi ba ta zuwa a kunne, sai a sigar 18 ta 2025 aka mayar da ita ta asali. Da tana kunne, duk shafin da ya tsage zai yi ƙara a karon farko da aka karanta shi.

Shafuka ukun nan su ne ɓangare mai sauƙi, domin sun bayyana kansu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shafukan da suka koma tsohon halinsu ba tare da sun lalace ba. A teburin biya an samu manoman da aka riga aka biya a ranar hadarin, rumbun yana nuna ba a biya su ba. Irin wannan ko tantancewar shafi ba ta kama shi, domin tsohon shafi ne mai lafiya. Da an buɗe taga a ranar, da an biya wasu sau biyu, wasu kuma buhunansu sun ɓace daga lissafi, kuma a ƙauye zancen ba zai tsaya a kan kwamfuta ba, sunan malamin awo da na ma'aji za a kama. Kwamitin ya dakatar da biya na kwana uku. An yi amfani da generate_series aka fitar da lambobin rasit ɗin da babu su a rumbun, aka ɗauko littattafan kabon na makon, mutum biyu suna karantawa ɗaya yana shigarwa, aka kuma gwada kowane biya da takardar sa hannun ma'aji. Takardar kabon ce ta rufe giɓin, kuma shi ya sa ba a yarda a daina yanka ta ba ko bayan gyara.

Inda nauyin yake tun farko

Bayan an mayar da fsync da full_page_writes, ƙorafin nauyi yana nan yana jira, kuma muddin ba a magance shi ba, wata rana wani zai sake kashe su. An sa pg_stat_statements a shared_preload_libraries, an saita log_min_duration_statement a milisakan 250, aka bar rumbun ya yi aikin yini guda. Tambayoyi uku ne suka cinye kusan duk lokacin, kuma duka a kan teburin awo: jimillar kilo na manomi a kakar, yawan buhunansa, da duba ko an taɓa shigar da wannan lambar rasit. EXPLAIN ANALYZE ya nuna Seq Scan a kowacce, wato bin tebur gaba ɗaya layi-layi. Rumbun yana karanta layi 400,000 don ya fito da kamar 40, milisakan 100 kowane karo.

Dalilin sananne ne ga duk wanda ya daɗe da PostgreSQL. Yana ƙirƙirar fihirisa da kansa ga babban mabuɗin tebur, amma ba ya yi wa ginshiƙin da ke nuni zuwa wani tebur. Wanda ya rubuta manhajar ya haɗa lambar_manomi da teburin mambobi, ya ɗauka shi ke nan. A shekarar farko, da layi 30,000, ba wanda zai ji komai. Manhajar tana yin tambayoyin nan uku a kan kowane buhu: uku sau 60 sau milisakan 100, sakan 18 ke nan. Shi kuwa fsync a wannan faifan milisakan 5 yake ci, sau 60 ya ba da milisakan 300. Abin da aka jefa lissafin mutum 1,200 cikin haɗari dominsa bai kai kashi biyu cikin ɗari na jinkirin ba.

Gyaran layi biyu ne. Na farko: CREATE INDEX CONCURRENTLY awo_manomi_kaka ON awo (lambar_manomi, kaka). Na biyu fihirisa ce mai hana maimaici a kan lambar rasit da lambar buhu. Kowace tambaya ta sauko ƙasa da milisakan ɗaya. Ta biyun ta ƙara wani amfani: idan lodin yamma ya yanke a tsakiya, ana iya sake shi da ON CONFLICT DO NOTHING ba tare da buhu ya shiga sau biyu ba. An kuma gyara manhajar ta sa dukkan buhunan manomi ɗaya cikin mu'amala ɗaya. Wannan ya rage fsync daga 60 zuwa ɗaya, ya kuma tabbatar ko dai buhu 60 su shiga duka ko kada ko ɗaya ya shiga. Lodin yamma, wanda a da kowane layi yake tabbatar da kansa, yanzu 500-500 yake tafiya, ya fi saurin da ya yi lokacin da fsync ke kashe. Rahoton bashi, da ke yin tambaya 1,200 ɗaya bayan ɗaya, ya koma tambaya guda mai GROUP BY.

Saitin ƙwaƙwalwa bai taka wata rawa ba a nan, kuma yana da kyau a faɗi haka, domin can mutane suka fi fara kai hannu. An ɗaga shared_buffers daga 128MB zuwa 1GB, wanda ya ninka rumbun sau uku. An sa effective_cache_size 5GB, work_mem 16MB, random_page_cost kuma 1.1 maimakon 4, tunda SSD ne. Wanda ya fi su amfani shi ne idle_in_transaction_session_timeout na minti 5. Wi-Fi na rumfar sikeli yakan yanke, na'urar malamin awo ta bar mu'amala a buɗe, ta riƙe makullin layin manomi, ta kuma hana autovacuum, mai sharar rumbun, share matattun layuka. Yanzu rumbun da kansa yake yanke irin wannan zaman.

Ga wanda lallai yake son rage jiran fsync, akwai hanya mai aminci: synchronous_commit = off. Bambancinsa da kashe fsync babba ne. Idan wuta ta ɗauke ana iya rasa mu'amalolin ƙarshe na abin da bai wuce ninki uku na wal_writer_delay ba, wato milisakan 600 a saitin asali, amma rumbun ba ya lalacewa. A nan an yi amfani da shi da SET LOCAL a teburin da ke rubuta wa ya shiga wa ya fita kaɗai. Awo da bashi da biya ba a taɓa su ba.

Sabon tsarin kwafin ajiya

Kafin a zaɓi kayan aiki an yi wa kwamitin tambaya biyu, da harshen da shugaba da ma'aji za su amsa: aikin minti nawa za ku iya sake shigarwa daga takarda ba tare da rigima ba, kuma awa nawa sikeli zai iya tsayawa a tsakiyar girbi? Suka ce minti goma, da awa biyu. Kwafin dare ɗaya ba zai cika sharaɗin farko ba, domin wanda ya rasa rumbu da la'asar ya rasa aikin yini. Dole a riƙa adana WAL.

An ɗauki pgBackRest, manhajar kwafin ajiya ta PostgreSQL. An ƙara faifai na biyu a cikin kwamfutar don ma'ajiyar kwafi kaɗai. An kunna archive_mode, archive_command yana miƙa kowane fayil ɗin WAL ga pgBackRest, archive_timeout kuma sakan 300. Fayil ɗin WAL 16MB ne, kuma ƙungiya irin wannan tana iya yin awanni ba ta cika ɗaya ba, shi ya sa ake tilasta rufe shi duk minti biyar. A yinin aiki na awa 10 fayil 120 ke nan, amma mafi yawansu kusan fanko ne, matsewa tana mayar da su ƙanana ƙwarai. Cikakken kwafi duk daren Juma'a, na bambanci kowane dare, repo1-retention-full kuma 4, wato ana iya komawa kowane lokaci cikin kusan wata guda. Wannan yana maganin abin da ya fi ɗaukewar wuta yawan faruwa, wato kuskuren hannu: wanda ya yi UPDATE ya manta WHERE da ƙarfe 11:40, a mayar da rumbu 11:39.

An yi muhawara a kan kwafin nesa. pgBackRest yana iya tura WAL ma'ajiya biyu a lokaci ɗaya, ta gida da ta intanet. Amma ba ya gaya wa PostgreSQL an adana sai duka biyun sun karɓa, don haka idan sabis ya ɗauke kwana uku, kamar yadda yakan yi a yankin da damina, fayiloli za su taru a pg_wal, idan faifai ya cika kuma rumbun ya tsaya. Akwai archive-push-queue-max da ke hana cikar, amma yana yin haka ne ta zubar da WAL, wanda ke yanke sarƙar maidowa. Ga wurin da sabis ba shi da tabbas, ya fi kyau a raba aikin: ma'ajiya ɗaya a gida, sannan rclone, manhajar kwafar fayiloli, ya kwashe ta zuwa intanet duk awa idan akwai sabis, idan babu ya jira. An zaɓi copy, ba sync ba, don kada abin da aka share a gida bisa kuskure ya sharu a can ma.

Kwafin nesa a wannan yanki ba ƙawa ba ne. Ambaliyar 2022 ta shafe gonaki da gidaje a kwarin Haɗejiya, kuma ofishin da ruwa ya shiga, faifai biyun da ke cikin kwamfuta ɗaya tare za su nutse. An ɗora kwamfutar a kan kanta mai tsayi, an kuma sayi faifan waje biyu da ake musaya duk mako, ɗaya yana ofis, ɗaya yana gidan wani ɗan kwamiti a cikin garin Haɗejiya. Tunda rumbun yana ɗauke da lambobin waya da NIN da asusun banki na mambobi, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyin tsare su a kan mai riƙe da su, an rufe ma'ajiyar da aes-256-cbc. Kalmar sirrin an rubuta ta a takarda biyu cikin ambulan, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Idan ta ɓace, duk kwafin ya zama banza.

Ba a yar da pg_dump ba, domin shi ne mafi sauƙi idan tebur ɗaya ake nema. An gyara shi: -Fc, kwanan wata a sunan fayil, ya fara rubutu a sunan wucin gadi, sai ya ƙare lafiya a canza sunan. Tare da shi ana yin pg_dumpall --globals-only, domin pg_dump ba ya ɗaukar masu amfani da izininsu. An bar cron aka koma agogon systemd mai Persistent=true, wanda ke rama aikin da ya wuce lokacin da kwamfuta ke kashe. A shafin farko na manhajar kuma an sa layi ɗaya da ke karanta last_archived_time daga pg_stat_archiver da lokacin kwafin ƙarshe. Idan WAL ya wuce minti 15 ana aiki, ko kwafi ya wuce awa 26, layin ya koma ja, kuma malaman awo sun san wanda za su kira.

Wuta da faifai

An sauya batirin UPS, an haɗa ta da kwamfutar ta USB, an sa NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, ya kashe kwamfutar cikin tsari idan ta yi minti uku a kan batir. An cire firinta daga bayan UPS ɗin. Duk wata uku ana zare filogi daga bango a ga ko za ta riƙe, batir kuma ana sauya shi kafin kowane girbin rani ko bai nuna gajiya ba. An gwada faifan da pg_test_fsync. SSD mai araha da ya nuna dubun-dubatar fsync a sakan ɗaya abin zargi ne, wataƙila yana amsa an rubuta alhali abin yana ƙwaƙwalwarsa. Faifan ƙungiyar ya nuna kusan 200, wanda ya yi daidai da milisakan 5 ɗin nan. Idan ana shakka, hdparm -W 0 yana kashe wannan ƙwaƙwalwa a faifan SATA, ko a sayi SSD mai kariyar ɗaukewar wuta. An kuma sauya ƙaramin batirin CR2032 na agogon kwamfutar, an sa chrony mai daidaita agogo. Agogon da ya ɓata yana sa umarnin a koma 11:39 ya rasa ma'ana.

Gwajin maidowa

Farkon kowane wata ana maido da rumbun a laftof daga faifan da ya kwana a Haɗejiya, da pgbackrest restore --type=time, a ba shi lokaci mai +01 a ƙarshe don agogon Najeriya, tare da --archive-mode=off don kada kwafin gwaji ya fara tura nasa WAL cikin ma'ajiyar gaske. Ba wanda ya kafa tsarin ke yi ba. Sakatare ne ke bin takarda mai shafi ɗaya, ma'aji ya kawo ambulan, a fitar da yawan buhu da jimillar kilo na wata rana a gwada da littafin kabon, a rubuta minti nawa aikin ya ci. Gwajin farko ya tsaya a tsakiya saboda fayil ɗin pgbackrest.conf da pg_hba.conf, waɗanda a Ubuntu suke ƙarƙashin /etc, ba sa cikin kwafin. An ƙara su a faifan waje, gwaji na biyu ya ƙare cikin minti 35.

Abu biyu suka rage. Har yanzu uwar garke ɗaya ce, kuma an ƙi kafa ta biyu mai bin ta kai tsaye, domin za ta zauna a ɗaki ɗaya a kan inbata ɗaya, ta ƙara aikin da babu mai kula da shi. Maimakon haka laftof ɗin gwajin tana nan da PostgreSQL 14 a shirye, ita za ta karɓi aiki idan uwar garken ta lalace. Na biyu, tallafin sigar 14 yana ƙarewa a Nuwamban 2026. An tsara ɗaga ta a tsakanin kaka biyu, lokacin da sikeli ke rataye, sannan a yi stanza-upgrade a pgBackRest, a ɗauki sabon cikakken kwafi a ranar, a gwada maido da shi kafin a fara rabon takin rani.